Talla ko Biya: Wa Zai Ɗauki Nauyin Intanet a Dumega?

A ranar 16 ga watan Yunin 2025, kamfanin Meta ya ba da sanarwar zai fara sanya talla a WhatsApp, a ɓangaren da mutane ke ɗora hotuna da bidiyonsu na yini, da kuma tashoshin da ake bi. A manyan biranen duniya labarin bai wuce shafin kasuwanci na jaridu ba. A Dumega kuwa magana ce da ta taɓa kowane gida mai babbar waya, domin ta wannan manhaja tsohuwa ke jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Legas ko Kwatano, ta nan mai lambu ke tambayar farashi kafin ya ɗora kaya a mota, ta nan ake shelar suna da ɗaurin aure da rasuwa.

Mutum biyun da suka ƙirƙiro WhatsApp a 2009, Jan Koum da Brian Acton, an san su da ƙin talla. Abin da suka zaɓa shi ne mai amfani da manhajar ya biya dalar Amurka ɗaya a shekara. Facebook, wato Meta na yanzu, ya saye kamfanin a 2014 kan kuɗi kimanin dalar Amurka biliyan 19, aka soke kuɗin shekara a 2016, su biyun suka bar wurin, ga shi yanzu talla ya shigo. Ruwa ba ya tsami banza. Na'urorin da ke ajiye saƙonninmu suna cin wuta, injiniyoyi suna karɓar albashi, ɗan jarida da mai shirya fim suna da iyali. Dole wani ya biya. Hanya biyu ce ta fi yaɗuwa a yau: ko dai a bar maka ƙofa a buɗe ka riƙa kallon talla, ko kuwa ka biya kuɗin wata a kawar maka da shi. Wacce ta fi dacewa da mutumin Dumega?

Wurin da ake muhawarar

Kafin a saurari hujjoji, ya kamata a san filin. Dumega ƙaramar hukuma ce ta karkara a ƙasar Arewa, cikin jihar Doso. Da tana ƙarƙashin Dogondutsi, tun 2011 kuma take cikin gundumar Tibiri tare da Gesheme da Kore Mairuwa. Tana cikin Dallol Mawri, kusa da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya, yankin da sefa da naira ke zama a aljihu ɗaya. Abin dogaron jama'a hatsi ne da wake da gyaɗa da damina, sai lambu da kiwo da fatauci da ci-rani idan rani ya shigo. Kuɗi yana zuwa ne da kaka da ranar kasuwa, ko ranar da aike ya iso daga na waje.

A Nijar gaba ɗaya, masu shiga intanet ba su kai rubu'in jama'a ba, manyan da suka iya karatu da rubutu kuma ba su kai rabi ba. Kusan kowa ta waya yake shiga, da layin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, kuma da ɗan forfe na yini ko na mako. Kalmomin da za ka fi ji a fadar samari su ne “mega ta ƙare” da “rezo ya ɗauke”. Katin banki da shafukan waje ke nema wajen biya, ɗaiɗaiku ne ke da shi. Duk hujjar da ta manta da waɗannan abubuwa ba ta isa a saurare ta a nan ba.

Masu cewa a bar talla

Hujjarsu ta farko ita ce talla ne ya buɗe wa talaka ƙofar labari, tun kafin a san intanet. A shekarar 1836 Émile de Girardin ya fito da jaridar La Presse a birnin Paris, ya sa kuɗin shekara faran 40 a lokacin da sauran jaridu ke karɓar 80, ya cike giɓin da kuɗin masu talla. Mutanen da ba su taɓa sayen jarida ba suka fara karantawa. Rediyo mai zaman kansa da talla yake rayuwa har gobe: manomi yana jin labarai ba tare da ya biya ko dala ba, saboda mai sayar da taki ko shayi ya biya a madadinsa. Intanet ta gaji wannan tsari tun 1994, lokacin da shafin HotWired ya ɗora tallan kamfanin AT&T. A 2023 Meta ya samu kusan dalar Amurka biliyan 135, kuma kusan duka daga talla. Da wannan kuɗi ne Facebook da WhatsApp suka iso har ƙauyukan Dallol ba tare da an nemi kuɗin shiga ba.

Hujja ta biyu lissafi ce. Lokacin da Meta ya fito da tsarin biya don kauce wa talla a Turai, a watan Nuwamban 2023, ya yanka yuro 9.99 a wata ga mai kwamfuta, yuro 12.99 ga mai waya. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ke nan mai waya zai ba da kusan sefa 8,500 kowane wata. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42,000 ne. Ashe kashi ɗaya cikin biyar na albashin lebura zai tafi a kan shafi guda, balle manomin da ba shi da albashi sam. Ko bayan da aka rage kuɗin zuwa yuro 7.99 a ƙarshen 2024, ya haura jika biyar. A tsallaken iyaka, YouTube Premium ya tashi daga naira 1,100 zuwa 1,700 a 2025, shi ma sai da kati. Masu wannan ra'ayi suna cewa duk wanda ya ce a koma biya, abin da yake faɗa a fakaice shi ne Dumega ta fita daga intanet.

Hujja ta uku ta shafi masu yin abin da muke kallo. Da kasuwar faifan CD ta mutu, kwafi ba bisa izini ba ya yi yawa, masu shirya fina-finan Hausa sun shiga wani hali. Abin da ya ɗago da yawansu shi ne YouTube, wanda ke ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka nuna a dogon bidiyonsa. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina ta wannan hanya suka isa ga miliyoyin mutane, daga Kano har ƙasar Arewa, har 'yan ci-rani a Abijan da Jidda. Tallan nan na daƙiƙa kaɗan da ke ɓata wa mai kallo rai, da shi ake biyan mai ɗaukar hoto da mai kwalliya da direba.

Hujja ta huɗu ita ce ba kowane talla ne abin ƙi ba. Mu mutanen kasuwa ne. Telan da ke ɗora ɗinkinsa, mai sayar da irin kayan lambu, mai injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, manomin dankali a Dogondutsi da ke neman dillali a Yamai, duk suna bukatar a san da su. Da, sai mai ƙarfin biyan gidan rediyo ko talabijin ke iya kai sunansa nesa. Yau da kuɗi kaɗan ƙaramin ɗan kasuwa zai iya.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ta fi nauyi a wurina. Idan aka kulle labari mai inganci sai mai kuɗi, jita-jita ba za ta kulle kanta ba. Saƙon muryar da ke cewa allurar rigakafi makirci ce, da bidiyon wani tsohon rikici da aka ce jiya ya faru, kyauta suke yawo daga waya zuwa waya. Ranar da gaskiya ta koma ta masu kati, ƙarya ce za ta rage wa sauran jama'a.

Masu cewa gara a biya

Ɗaya ɓangaren yana farawa da tambaya: wa ya ce kyauta ne? A ƙasashen da ake biyan intanet na wata ba iyaka, talla lokaci kawai yake ci. A Dumega kuwa, kowane bidiyon talla da ya buɗe kansa, daga megar mai waya yake sha. A 2015 jaridar New York Times ta auna manyan shafukan labarai 50 a wayar hannu, ta tarar fiye da rabin bayanan da waya ke saukewa na talla ne da abubuwan da ke tafe da shi. Wanda ya sayi forfen yini da kuɗin da ya rage na cefane, shi ke biyan kuɗin dakon tallan da bai nema ba. Ga batir da ke saurin sauka, ga kuɗin caji a rumfar mai sola. Talaka, in ji su, sau biyu yake biya: da aljihunsa, da kuma idonsa.

Na biyu, akwai abin da ake ɗauka wanda ba a gani. Tallan intanet ya sha bamban da na allon bakin titi, wanda kowa ke gani iri ɗaya. Shi wannan yana bin sawun mutum: inda yake, irin wayarsa, abin da ya nema, abin da ya tsaya ya kalla, waɗanda yake hulɗa da su. Da wannan bayani ake yin gwanjon idonsa cikin ƙiftawa. A 2018 duniya ta ji yadda bayanan mutane har miliyan 87 suka faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica ta hanyar Facebook, abin da ya kai ga cin Facebook tarar dalar Amurka biliyan 5 a 2019. Bature aƙalla yana iya karanta sharuɗɗan kafin ya danna amincewa. Mutuminmu da sharuɗɗan suka zo masa da Faransanci ko Ingilishi, a wayar da wani yaro ya buɗe masa, da me ya amince?

Na uku, irin tallan da ke zuwa mana. Alƙaluman Meta na wata ukun ƙarshe na 2023 sun nuna kowane mai amfani da Facebook a Amurka da Kanada ya kawo wa kamfanin sama da dala 68, yayin da na rukunin ƙasashen da Afirka ke ciki ya kawo dala huɗu da rabi. Idonmu yana da araha a kasuwar talla, kuma araha ba ta ado. Manyan kamfanoni masu sunan da suke tsoron ɓatawa ba su damu da neman wanda ba shi da abin saya ba. Wanda ke rububin wurin shi ne mai cacar ƙwallo, da mai maganin da ke warkar da ciwon suga da rashin haihuwa da basir a kwalba ɗaya, da mai alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, da mai bizar ƙarya. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga ƙarshen irin wannan alƙawari a rushewar MMM a watan Disamban 2016, suka sake gani a CBEX a watan Afrilun 2025, kuma duka biyun ta intanet da bakin abokai suka yaɗu. Wanda bai daɗe da fara riƙe babbar waya ba yakan ɗauka duk abin da ya fito a allo da hoton likita ko na malami gaskiya ne. Addininmu ya hana caca, ya hana algus da ɓoye aibin haja, amma na'urar da ke raba talla ba ta san wannan ba.

Na huɗu, talla yana lanƙwasa alƙalami. Shafin da ke rayuwa da yawan dannawa zai koyi rubuta kanun da ke tayar da hankali, ya fifita rigimar 'yan fim a kan farashin taki, domin ita ke kawo jama'a. Wanda kuma babban mai tallansa ya yi laifi, da wuya ya buga. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan mai karatu ne ke biya, shi ne uban gida, shi ake tsoron ɓata wa rai. New York Times ta sa shingen biya a 2011, mutane da yawa suka ce ta kashe kanta, yau masu biyanta sun haura miliyan 10.

Suna rufewa da cewa biya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, sayenta aka riƙa yi. Samari suna biyan kuɗin ƙofa a gidan kallon ƙwallo, mai gidan kallon yana biyan Canal+ duk wata, mata suna aika yara wurin mai tura fina-finai da 'yan canji a hannu. Bahaushe yana biya idan ya ga amfanin abu, kuma farashin ya zo daidai da aljihunsa.

Inda kowace hujja ke ɗingishi

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da inda ƙafarsa ba ta taka ƙasa sosai.

Masu goyon bayan biya suna magana kamar kuɗi yana korar talla har abada. Abin da aka gani ya saɓa da haka. Netflix, wanda ya yi shekaru yana alfahari da rashin talla, ya fito da tsari mai talla a watan Nuwamban 2022. A watan Janairun 2024 Amazon ya fara nuna talla ga waɗanda tuni suke biyan Prime Video a Amurka, ya ce mai son a cire masa ya ƙara dala 2.99 a wata. Mai biyan tauraron ɗan'adam shi ma yana ganin talla a hutun rabin lokaci. Wanda ya nuna yana iya biya, shi ne ma mai talla ya fi so.

Akwai matsalar da ta fi wannan zurfi. Idan aka ce mai kuɗi ya biya a daina bin sawunsa, marar kuɗi kuma ya haƙura, an mai da sirrin mutum haja ke nan. Turawa da kansu ba su yarda ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa, a mafi yawan lokuta, manyan kamfanoni ba za su ce sun samu sahihiyar amincewa ba idan zaɓin da suka bayar bai wuce “ka yarda ko ka biya” ba. Bayan shekara ɗaya, a watan Afrilun 2025, Tarayyar ta ci Meta tarar yuro miliyan 200 a kan wannan tsari. Idan a inda albashi ke da kauri an ga zaɓin bai zama zaɓi ba, ina ga inda kuɗin wata ɗaya ya kai na tiyoyin hatsi masu yawa?

Misalin New York Times ma bai cika zama a nan ba. Jarida ce da ke sayar wa masu hali na duniya baki ɗaya cikin Ingilishi. A ƙasar Hausa an gwada: Northflix da Kallo sun buɗe dandalin fina-finai na biya, amma har yanzu YouTube ne ke ɗauke da mafi yawan masu kallo. Dalili a fili yake. Fim ɗin da mutum ɗaya ya samu, kafin dare ya zaga unguwa ta manhajar Xender ba tare da an taɓa mega ba.

Su ma masu kare talla akwai abin da suke tsallakewa. Suna cewa talla yana ciyar da masu fasaha, amma nawa ke isowa? Tunda idon mai kallo a Nijar da Najeriya ba shi da tsada, tashar Hausa tana bukatar ninkin masu kallon da tashar Turai ke bukata kafin ta samu kuɗi iri ɗaya. Kaso mafi tsoka yana tsayawa a hannun Google da Meta. Ƙaramin shafin da zai kawo labarin ƙaramar hukumar Dumega, ko na tsutsar da ta faɗa wa gonakin Tibiri, ba zai taɓa tara jama'ar da za ta biya ko kuɗin man babur ɗin wakilinsa ba. Talla yana iya ɗaukar nauyin nishaɗin miliyoyi, amma labarin ƙauye ya fi ƙarfinsa.

Wasu samari sun samo tasu mafita, wato manhajar toshe talla, irin wadda Opera Mini ya saka a cikin burauzarsa tun 2016. Ba na ganin laifin wanda ya kare megarsa daga bidiyon da ya buɗe kansa ba sallama. Sai dai idan kowa ya toshe, marubucin da muke jin daɗin aikinsa zai tashi a tutar babu, kuma YouTube ya fara yaƙar masu toshewa tun 2023. Dabara ce ta mutum ɗaya, ba ta isa ta zama tsarin al'umma ba.

Akwai kuma masu cewa a bar wa masu ba da tallafi. Gaskiya ne mafi yawan labaran Hausa masu inganci da ake ji a Arewa ba talla ne ke ɗauke da su ba. BBC Hausa, da ta fara a 1957, kuɗin jama'ar Birtaniya ne. Studio Kalangou, da gidauniyar Hirondelle ta Suwizalan ta kafa a Yamai a 2016, tallafi ne. Amma shekarun nan sun nuna wannan ƙofa tana iya rufuwa ta kowane gefe: an dakatar da RFI a Nijar a watan Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, sannan a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da aikin Muryar Amurka. Abin da ba kai ke ciyar da shi ba, ba kai ke yanke ranar da zai tsaya ba.

Abin da na gani

Mutanen Dallol sun daɗe da warware irin wannan matsala a kan ruwa. Akwai rijiyar gari, kowa ya zo da gugarsa ya ja. Akwai famfo, inda ake biyan 'yan kuɗi a kan jarka, kwamiti yana tara abin gyara. Ba wanda ya taɓa cewa a cike rijiya don an kafa famfo, domin ranar da babu ko dala a gida ita ce madogara. Ba kuma wanda ya ce tunda kyauta ce a bar kowa ya zuba shara a ciki. Ana ɗaure mata baki, ana yashe ta, wanda Allah ya hore wa yakan ɗauki nauyin gyaranta don kowa ya sha.

A kan wannan nake tsayawa. Tsakanin talla da biya, idan dole sai ɗaya, na zaɓi ƙofa a buɗe da talla, domin cutar talla ana iya rage ta da doka da wayar da kai, amma wanda aka rufe wa ƙofa ba shi da abin da zai gyara. Labarai, bayanin lafiya, shawarar noma da darasin makaranta bai kamata a sa musu shinge ba a ƙasar da mafi yawan jama'a ba su ma shigo ba tukuna. Cibiyar RECA ta manoman Nijar, da ke amsa tambayoyin manoma da Hausa da Zabarmanci ta waya da WhatsApp, da a ce sai da kuɗin wata ake samunta, da waɗanda suka fi bukatarta ne za su fara rasa ta.

Amma yarda da talla ba yarda da kowane irin talla ba ce. Shafin da ke neman masu karatu a yankin da ake sayen mega da awo, ya ji tausayinsu: hoto marar nauyi, ba bidiyo mai buɗe kansa ba. A rubuta “talla” ƙarara da Hausa, a kuma faɗa da murya inda shirin na sauraro ne, don wanda bai yi boko ba ya bambance. Masu shafukan Hausa su ƙi karɓar tallan caca da maganin bogi da ninka kuɗi, ko da kuwa shi ya fi tsoka. Bin sawun mutum kuma kada ya zama farashin talauci: a nuna talla gwargwadon abin da shafin ke magana a kai, tallan iri a shafin noma, ba gwargwadon asirin mai karatu ba. Nijar tana da ARCEP mai kula da sadarwa, tana da HAPDP mai kare bayanan jama'a. Najeriya ta nuna ana iya tunkarar manyan kamfanoni, lokacin da hukumarta ta kare masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dalar Amurka miliyan 220 a watan Yulin 2024. Ƙasashen da ke da harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, muryarsu za ta fi kaiwa nesa idan suka haɗa ta.

Biya shi ma yana da wurinsa, musamman a nishaɗi, amma sai an yanka shi daidai wuyan mai sawa. Wanda kuɗinsa ke zuwa da ranar kasuwa ba zai ɗauki alƙawarin wata-wata ba. A ba shi na yini ko na fim ɗaya, da sefa hamsin ko ɗari, a cire daga kiredinsa ko ta Airtel Money da Nita da ire-irensu da ya riga ya sani. Wanda ya fara gina wannan hanya da gaskiya zai tarar masu biya sun fi yadda ake zato.

Sai kuma nau'in biyan da na fi so a yaɗa, wato mai hali ya biya don ƙofa ta zauna a buɗe ga kowa. Haka Wikipedia ke tafiya ba talla, har da sashenta na Hausa. Haka jaridar Guardian ta Ingila ke karɓar gudummawar masu karatu ba tare da ta hana marar biya karatu ba. Wannan ɗabi'a tamu ce tun asali. 'Yan Arewa da ke Yamai da Legas da Kwatano suna haɗa kuɗi su gina masallaci da aji a garuruwansu. Rediyon karkara da shafin labaran yanki da ke faɗin gaskiya da harshen mutane sun cancanci shiga wannan sahu. Haka 'yan kasuwar Dogondutsi da Tibiri, maimakon duk kuɗin tallansu ya tafi Amurka, su ware wani abu su kai kai-tsaye ga kafofin gida, inda mai sauraro ya san shagonsu, ya kuma san inda zai same su idan kaya suka yi gardama.

Sauran aikin namu ne, kuma ba ya jiran doka. Malamin makaranta, limami, shugaban fada da yaron da ke buɗe wa iyayensa waya, kowannensu zai iya koya wa na kusa da shi tambayoyi uku kafin ya yarda da abin da ya gani a allo: wa ya biya aka nuna mini wannan, me yake so daga gare ni, kuma ina zan same shi idan ya cuce ni? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kamfanonin da ke tsara waɗannan zaɓuɓɓuka ba su san Dumega ba, ba kuma za su tsara don ita ba sai masu shafukanmu, hukumominmu da masu halinmu sun faɗi sharuɗɗansu, sun kuma sa kuɗinsu a kan abin da suke so ya ɗore.